Baƙin ruwa yana zuba daga ƙwallon gaban Land Cruiser: a ƙara giris ne ko sai an kwance?

Direban Fadama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, ƙirar 79 mai injin 1HZ. Da ita muke ɗaukar kifi da buhunan shinkafa tsakanin Haɗeja da Nguru, kuma duk wanda ya san yankin ya san cewa da damina babu yadda mota za ta kauce wa ruwa da taɓo. Tun da ruwan bana ya sauka na lura cewa ƙwallon ƙarfen nan da ke ƙarshen aksil ɗin gaba, a bayan tayar hagu, kullum a jiƙe yake da wani baƙin abu mai ruwa-ruwa wanda yake gangarowa har cikin rim, alhali na dama a bushe yake ƙayau, har tsatsa ta fara kama shi. Bayan haka, idan na sa fowil na karya sitiyari har ƙarshe, sai in riƙa jin ƙas-ƙas-ƙas daga gaba. Wanda yake yi mana sabis ya ce giris ne ya ƙare, a kwance notin da ke saman gwiwar, wato gidan ƙarfen da yake rufe ƙwallon yana juyawa da taya, a ɗura har ya cika. Kafin in yarda na ga ya dace in ji ta bakinku.

Mai Gareji a Gashuwa:
Wa alaikumus salam. Abin da bakanikenka ya faɗa shi muke yi kullum, kuma motoci suna tafiya. Ai don haka kamfani ya yi wannan notin mai kusurwa huɗu a saman gwiwar. A ɗura giris gefe biyun, a goge wanda ya zubo, ka ci gaba da neman abincinka. Kwance gaban 79 aikin yini guda ne, ga kuɗin kaya, kuma ba kowane mai mota ne zai jure a ajiye masa ita a lokacin da kifi yake da kasuwa ba.

Tsohon Bakanike, Kano:
Malam Direba, sannu da ƙoƙari. Da izinin ɗan'uwana na Gashuwa, ni ban yarda da wannan shawara ba, kuma zan faɗi dalilina dalla-dalla.

Tayoyinka biyu ba ciwo ɗaya suke yi ba. Na dama da ka ce ya bushe har yana tsatsa, shi ne wanda giris ya ƙare masa, domin ƙwallon da yake lafiya ana ganin ɗan maiƙo siriri a jikinsa duk lokacin da aka juya sitiyari. Wannan kam ƙarin giris zai taimake shi, na ɗan lokaci. Na hagu kuwa ba ƙarancin giris ke damunsa ba, man giya ne ya shiga inda bai kamata ya shiga ba.

Ga yadda abin yake. A cikin bututun aksil akwai man giya wanda yake jiƙa haƙoran tsakiya. A ƙarshen bututun, cikin gwiwar da take juyawa da taya, akwai mahaɗin nan da ake kira Birfield, wanda yake ba shaf damar juya taya ko da an karya sitiyari, kuma shi a cikin giris yake zaune. Abin da ya raba man da giris ɗin wani ɗan sil ne guda ɗaya da shaf yake ratsawa ta cikinsa. Ranar da wannan sil ɗin ya gaji, man giya yana tsallakowa ya narkar da giris ɗin ya mayar da shi kamar kunu, kuma zoben roba da na ƙyalle da ke bayan gwiwar ba a yi su don riƙe ruwa ba, an yi su ne don share ƙura da tare giris mai kauri. Shi ya sa kake ganin baƙin abu yana gangarowa. Ka kai hancinka kusa da shi, idan ka ji warin man giya mai kama da na ƙibiritu, to magana ta ƙare.

Idan aka ɗura sabon giris a kan wannan, cikin 'yan makonni shi ma zai narke ya bi sahun na farko, man da ke cikin aksil kuma yana ta raguwa ba ka sani ba. Wanda ya guji aikin yini guda yau, gobe haƙoran tsakiya zai saya.

Mai Gareji a Gashuwa:
Baba, ba na jayayya da kai a kan sil. Amma ai ka san yadda mutanenmu suke, sai mota ta tsaya cak ake kawo ta. Ni abin da nake cewa shi ne a ɗura giris ya kai shi ƙarshen damina, sannan a kwance gaba ɗaya da rani.

Tsohon Bakanike, Kano:
Da a ce yoyo ne kawai, da na ce ya riƙa duba man aksil kowane mako yana cikawa har ya sami sarari. Amma ya ce yana jin ƙara idan ya karya sitiyari cikin fowil, kuma yana ratsa ruwa kullum. Wannan ƙarar ta ƙwallayen da ke cikin Birfield ce suna tsalle a ramukan da suka ci. Giris ɗin da ake ɗurawa ta notin sama yana cika sararin gwiwar ne kawai, ba ya kutsawa can cikin mahaɗin inda ƙwallayen suke, kuma ba ya wanke yashin da ya riga ya shiga. Wannan sai da hannu, bayan an zaro shaf an wanke shi tas.

Ɗan Agadas:
Gaisuwa ga jama'a daga Agadas. Mu a nan ruwa ba shi ne babban abokin gabarmu ba, rairayi ne, musamman ga masu bin hanyar Dirku da Bilma, amma ciwon iri ɗaya ne. Abin da nake so in ƙara a kan maganar Baba shi ne, kafin a ɗora wa sil laifi a duba abin da ya kashe shi. A saman aksil akwai ɗan bututun numfashi mai hula a kai. Idan mota ta yi tafiya mai nisa man ciki yana zafi, iskar ciki tana kumbura, kuma ta wannan bututun take fita. Idan laka ko ƙura ta toshe shi, iskar ba ta da mafita sai ta tura man ta cikin sil. Idan kuma aksil mai zafi ya faɗa cikin ruwan sanyi, abin juyawa yake yi: ciki ya tsuke, ya zuƙo giris daga gwiwa, wani lokaci har da ruwa. Saboda haka Malam Direba, ka buɗe notin cika man aksil ka sa yatsa ka gani. Idan man ya yi toka-toka da kauri, giris ne ya shiga. Idan ya yi fari-fari, ruwa ne. Mai ratsa fadama irinka ya kamata a sa masa dogon tiyo a kan wannan bututun a ja shi sama har cikin ɗakin inji, a ɗaure bakinsa yana kallon ƙasa. Aiki ne da bai kai awa ɗaya ba, kuma idan ba a yi shi ba sabon sil ɗin ma ba zai daɗe ba.

Direban Fadama:
Na gode ƙwarai. Na duba da safen nan, man aksil ya yi ƙasa har yatsana bai taɓo shi ba sai da na lanƙwasa, kuma abin da ya fito toka-toka ne. Hular bututun kuwa laka ta bushe a kanta, ko motsi ba ta yi. To idan za a kwance, wane irin giris zan saya? A kasuwa akwai baƙi, akwai ja, akwai ruwan ɗorawa da ake aunawa a leda, kuma kowane mai shago cewa yake nasa ne na asali.

Injiniyan Ma'aikata:
Launi ba ya nuna komai, rini ne kawai a yawancin lokuta, don haka ka karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani. Littafin Toyota ya raba wuraren gida biyu. Cikin gwiwa, wato Birfield da boris ɗin kimfin na sama da na ƙasa waɗanda gwiwar take juyawa a kansu, ana sa giris na litiyam mai ɗauke da sinadarin molibdinam, wanda za ka ga an rubuta MoS2 ko Moly a jikinsa, mai kauri lamba 2 a ma'aunin NLGI. Shi ne wanda yake baƙi-baƙi da gaske, domin sinadarin kansa haka launinsa yake. Amfaninsa shi ne a wurin da ƙarfe yake goga ƙarfe da nauyi mai yawa, ko da maiƙon ya matse ya fita, garin sinadarin yana manne a jikin ƙarfen. Boris ɗin taya kuwa, guda biyun da ke cikin hob, giris ɗin boris na litiyam ake sa musu, shi ma lamba 2, wanda yake jure zafi, saboda suna gudu da sauri kuma suna maƙwabtaka da faifan birki.

Wanda ake aunawa a leda ina ba ka shawara ka bar shi. Ba ka san abin da aka haɗa shi da shi ba, kuma a buɗe yake yini yana shan ƙurar kasuwa. Akwai tsohon nau'in giris na kalsiyam mai araha wanda yake narkewa tun zafi bai wuce na tafasar ruwa ba, alhali na litiyam yana kaiwa wajen digiri 190 kafin ya zama ruwa. Hob ɗin motar da ta sauko gangara da lodi tana taka birki yana iya narkar da na farkon. Sannan ba kowane giris ne yake zama lafiya da ɗan'uwansa ba; akwai waɗanda idan aka gauraya su sai su saki su tsinke. Shi ya sa idan ba a san abin da ke ciki ba, a wanke tsohon gaba ɗaya kafin a sa sabo.

Mai Gareji a Gashuwa:
Injiniya, a nan kuma zan sake magana. Shekara da shekaru baƙin giris ɗin nan nake sawa ko'ina, har boris ɗin taya, kuma ban ga motar da ta dawo saboda shi ba. Sayen gwangwani biyu ƙarin kuɗi ne a kan mai mota kawai.

Injiniyan Ma'aikata:
Ban musa abin da ka gani da idonka ba, Oga. Akwai giris mai molibdinam da masu yin sa suka rubuta cewa ya dace da boris ɗin taya, kuma idan irinsa kake samu babu laifi. Matsalar ita ce da yawa daga baƙin giris ɗin da ke kasuwa an yi shi ne don mahaɗan shaf da wuraren da ba sa gudu, wani ma ya fi lamba 2 laushi, kuma irin wannan a cikin hob mai zafi yana iya tsinkewa ya bi ta sil ya ɓata birki. Tunda mai tambaya ba shi da hanyar gwadawa, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya bi rabon da kamfani ya yi. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne akasinsa, wato a cika Birfield da giris ɗin boris mara molibdinam a motar da take aiki cikin fowil da lodi.

Tsohon Bakanike, Kano:
Tunda an zo maganar kwancewa, bari in faɗa wa Malam Direba abin da zai tsaya ya gani da idonsa, domin aikin nan a wurin haɗawa ake ɓata shi.

Ka sayi kayan gyaran gwiwa cikakku na gefe biyu, kada a yi gefe ɗaya a bar ɗaya. A ciki akwai sil na cikin aksil, da zoben ƙyalle da na roba na bayan gwiwa, da gaskit, da sil na hob, da washa mai kunne da take kulle noti, da boris ɗin kimfin. A Ƙofar Ruwa ana samun su, sai dai ka je da wanda ya san na kirki. Manyan notocin hob lamba 54 ne, kuma ka tabbata bakaniken yana da soket ɗinsu. Idan ka ga ya ɗauko kurfi da guduma zai buga noti, ka san cewa ba zai iya ɗaure boris daidai ba, domin ɗaurin boris ɗin taya aunawa ake yi, ba a yin sa da ƙarfin dantse.

Boris ɗin kimfin su ne aka fi mantawa da su. Ba sa zagayawa kamar na taya, ɗan juyi kawai suke yi dama da hagu, kuma yawancin rayuwarsu a wuri ɗaya suke tsaye suna shan dukan hanya. Idan aka ciro mazauninsu ka shafa da farce, za ka ji layi-layi inda ƙarfen ya lotsa. Na ƙasa shi ne matattarar duk ruwan da ya shiga, shi ya sa sau da yawa ake samunsa ja wur da tsatsa, na sama kuma shi ne yake fara bushewa domin giris ƙasa yake zama. A ƙarƙashin murfinsu akwai siraran faranti da ake daidaita ɗauri da su. Kada a bari yaran gareji su zuba na sama da na ƙasa, ko na hagu da na dama, a kwano ɗaya. Waɗannan farantan ne suke tsayar da gwiwa a tsakiya yadda shaf zai ratsa sil ba tare da ya danne gefe ɗaya ba, kuma idan aka rikita su sabon sil zai fara yoyo ba da jimawa ba, a ce kayan ne jabu. Bayan an haɗa, ana rataya ɗan sikeli mai sifirin a hannun sitiyarin da ke jikin gwiwar a ja a ga nauyin da gwiwar take buƙata kafin ta motsa, a gwada da abin da littafi ya ce.

A duba wurin da sil yake hawa a jikin shaf, idan ya ci ya yi rami sabon sil ba zai riƙe ba. A goge ƙwallon da samfefa mai laushi har tsatsar ta fita, domin ƙwallo mai kaushi cinye zoben ƙyalle yake yi. Sannan a cusa giris cikin Birfield da hannu har ya fito ta ɗaya gefen, a cika gwiwar kamar kashi uku cikin huɗu. Ba a cika ta maƙil. Sai an bar wa giris wurin motsi idan an karya sitiyari, in ba haka ba zai nemi hanya, kuma hanyar da zai samu ita ce ta cikin sil zuwa man aksil.

Direban Fadama:
Allah ya saka da alheri, Baba. Shi Birfield ɗin da yake ƙara fa, dole ne a sauya shi?

Tsohon Bakanike, Kano:
Sai an wanke an gani. Idan ramukan ƙwallayen sun yi sheƙi kawai, sabon giris yana iya rufe masa baki ya ƙara shekaru. Idan kejin da ke riƙe ƙwallayen ya tsage, ko ƙarfen ya fara ɓarewa, a sauya shi, domin idan ya fashe a hanya yana iya cije sitiyari.

Mai Hilux:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Hilux gare ni ƙirar 2012, na leƙa ƙarƙashinta ban ga ƙwallon da kuke magana a kai ba, kuma ban ga nonon giris a tayirod ko bol-joyin ba. Shin tawa ba ta buƙatar giris ne?

Injiniyan Ma'aikata:
Taka gabanta daban ne. Tsofaffin Hilux irin LN106 suna da aksil guda mai ƙwallo kamar na Land Cruiser, amma ƙirar da ta fito daga 2005 kowace tayar gaba zaman kanta take yi, kuma mahaɗan shaf ɗinta suna cikin robobi masu ninki da aka cika da giris aka ɗaure. Aikinka a nan shi ne dubawa: duk sabis a karya sitiyari a leƙa robobin, idan an ga tsaga ko giris ya fantsama a jikin rim a sauya robar nan take, kafin yashi ya shiga ya cinye mahaɗin. Bol-joyin da tayirod na asali a rufe suke zuwa, idan sun yi lako-lako sauyawa ake yi. Kada ka yarda a huda robarsu da allura a ce za a ɗura giris, ramin da aka huda ta nan ruwa zai shiga. Amma ka sake leƙawa wajen farfela, ta gaba da ta baya, a nan akwai nonon giris, kuma su ne masu Hilux suke shekara ba su taɓa ba.

Ɗan Agadas:
Maganar farfela ta shafi mai 79 ma. A kan kuros, wato mahaɗin nan mai hannu huɗu, ana bugawa har sai sabon giris ya fito ta duka kofuna huɗun, domin idan uku suka fitar ɗaya bai fitar ba, wannan ɗayan a bushe yake kuma shi zai fara mutuwa. Amma a wurin da farfela take zamewa tana tsawo tana gajarta, bugu kaɗan ake yi, da an ga ta fara miƙewa a tsaya. Na ga motar da yaron gareji ya cika wa wannan wurin har ya ƙi matsuwa, duk ramin da ta faɗa sai farfela ta daki giyabos ɗin fowil, mai motar yana ta neman abin da ke bugawa a ƙarƙashinsa. Tayirod da sandar da ke zuwa daga akwatin sitiyari kuma, a goge nonon da tsumma kafin a ɗora bindigar giris, in ba haka ba yashin da ke bakinsa shi za a fara turawa ciki, sannan a tsaya da zarar robar ta ɗan kumbura. Akwatin sitiyarin kansa ba ya shan giris, man fawa ne nasa.

Mu da muke cikin rairayi muna goge duk giris ɗin da ya fito waje bayan an gama, domin wanda aka bari a waje ƙura yake tarawa. Ku masu ruwa kuma ba lissafin kilomita ya kamata ku bi ba. Duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, a zagaya da bindigar giris kafin mota ta kwana biyu.

Tsohon Direban Asibiti:
Ni ba bakanike ba ne, amma na daɗe ina tuƙa irin waɗannan motocin zuwa ƙauyuka, kuma akwai gwajin da kowane direba zai iya yi da jak kawai. A ɗaga tayar gaba, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. Idan akwai motsi, wani ya shiga ya taka birki a sake girgizawa. Idan motsin ya ɓace boris ɗin taya ne, idan yana nan kimfin ne. Idan kuma aka kama ta dama da hagu aka ji motsi, a bi tayirod da ido yayin da ake girgizawa.

Sannan masu motocin da ake kulle hob da hannu, da rani kada a bar shi a FREE wata da watanni. Littafin motar ya ce a kulle shi a yi tafiyar kilomita 16 aƙalla kowane wata don kayan gaba su juya mai da giris su zagaya. Kulle hob kawai ake nufi, ƙaramar giyar fowil tana nan a H2, wato ba a sa fowil ba, domin sa fowil a kan kwalta wata ɓarnar ce daban.

Mai Gareji a Gashuwa:
To na ji, tunda man aksil ya riga ya gauraya, a kwance ɗin. Amma ina nan a kan bakana cewa gefen da ya bushe kawai ba ya buƙatar a tayar da hankalin mai mota, kuma notin saman nan yana da ranarsa tsakanin kwancewa da kwancewa. Malam Direba, idan an gama a zubar da tsohon man aksil a sa sabon man giya GL-5 lamba 90, kuma a fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya cije. Notoci huɗun da suke riƙe hannun sitiyari a jikin gwiwa, masu washa mai siffar mazurari, ka sa a sake bin su da sifana bayan ka yi tafiyar mako guda a hanyar Nguru, domin sukan saki bayan an taɓa su, kuma idan suka karye babu sauran abin da ya haɗa tayar da sitiyari.